Amsoshin Tambayoyinku: Abin Da Za Ka Tarar Idan Za A Yi Maka Aikin Haƙori Ko Na Muƙamuƙi

  

A wannan mako tambayoyi huɗu muka ware, dukkansu daga yanki guda na Jihar Jigawa, watau Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, kuma dukkansu a kan baki suke. Wani an ce za a cire masa haƙori, wata tana tsoro saboda hawan jini, wani ɗansa ya karye a muƙamuƙi, wata kuma 'yarta ce bakinta ya kama ciwo. To, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma za mu fi daɗewa a kan ta farko, domin amsarta ta shafi kowa.

Tambaya ta farko: daga Babura

Wani manomi daga Babura ya aiko mana cewa turminsa na ƙarshe, na ƙasa ta dama, yana damunsa tun farkon damina. Ya je asibiti, aka ce haƙorin a kwance ya fito, sai an tsaga dasashi kafin a cire shi. Da ya ji maganar tsagawa sai ya ce zai je ya dawo, har yau bai koma ba. Yana tambaya: da zafi? Gaskiya ne cire haƙori yana taɓa ido? Kuma kwana nawa zai yi kafin ya koma gona?

To Malam, sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya. Bari mu fara da shi kansa haƙorin. Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika. Huɗu na ƙarshe, watau turamen da ke can ƙuryar baki, su ne ke makara, ba sa fitowa sai mutum ya kai kamar shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa kafin su zo 'yan'uwansu sun cinye wuri, sai su fito a karkace ko a kwance, rabi a waje rabi a cikin ƙashi. Abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashin naman da ya rufe su, aswaki ba ya kaiwa, sai wurin ya ruɓe ya kumbura. Irin wannan haƙori ba ya ciruwa da ja kawai. Shi ya sa aka ce maka sai an tsaga. Ba wai ciwonka ya fi na kowa muni ba ne, aiki ne da likitocin haƙori ke yi kullum.

Maganar zafi kuwa, tsoronka yana da asali. Kakanninmu da na Turawa duk danne mutum suke yi a fizge haƙori yana ihu. Amma wannan zamani ya wuce. Tun ranar 16 ga Oktoba, 1846, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya nuna a birnin Boston na Amurka cewa ana iya sa mutum barci da magani a yi masa tiyata bai ji ba. Allurar kashe wuri da aka fi amfani da ita yanzu, wadda ake kira lidoken, a ƙasar Suwidin aka haɗa ta a 1943. Ita za a yi maka a dasashi. Za ka ji tsinin allura kamar cizon tururuwa, bayan minti kaɗan leɓenka da gefen harshenka su yi nauyi, ka ji kamar ba naka ba. Daga nan abin da za ka ji shi ne dannawa da girgiza da ƙarar inji. Dannawa daban, zafi daban. In kuwa ka ji zafi na sosai, ɗaga hannu, likita zai tsaya ya ƙara allura. Kada ka ce za ka daure don nuna jarumta, ba wurinta ba ne.

Sai batun ido. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, musamman a kan haƙoran sama, amma ba ta da tushe. Jijiyar gani daban take, ba ta bi ta cikin haƙori ba. Abin da ke iya taɓa ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari, mugunya ta taru ta haura kunci har fatar ido ta kumbura. Na ƙasa kuma, irin naka Malam, haɗarinsa ya fi wannan. Mugunyarsa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, wurin ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya tashi sama ya toshe hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun 1836, kuma har gobe yana kashe mutane idan aka makara. Ke nan haɗarin yana ga barin haƙorin, ba ga cire shi ba.

Kafin ranar aiki

Ka koma inda aka duba ka. Wanda bai riga ya je ko'ina ba, ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi, kamar na Babura ko na Kazaure. Su za su duba, idan aikin ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsu su ba shi takarda zuwa gaba, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko kuma Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Takardar nan ka riƙe ta da kyau, tana rage maka wahalar bayani.

Za a ɗauki hoton haƙorin, domin likita ya ga yadda saiwarsa ta kwanta da kusancinta da jijiyar da ke ratsa cikin muƙamuƙi. Sa'an nan za a yi maka tambayoyi. A nan ne muke roƙonka ka faɗi gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Kana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya? Kana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko gyambon ciki? In ka yanke, jini yana daɗewa bai tsaya ba? Wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi ko kumburi? Duk magungunan da kake sha ka zuba su a leda ka tafi da su, har jiƙo da gari na gargajiya, har kafson da ka saya a kemis. Likita ba zai yi maka faɗa ba, so yake ya san abin da ke jikinka kafin ya ƙara wani.

Ka tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya tun kafin ranar: kati, da hoto, da aikin kansa, da magani. Ka haɗa da kuɗin mota na zuwa biyu, domin mai yiwuwa ne a ce ka dawo a duba wurin ko a cire zare. Ka kuma zaɓi rana da dabara. Kada ka sa aikin a jajibirin kasuwa ko ranar da za ka ɗauko amfanin gona. Amma fa wannan zaɓi na wanda ba shi da kumburi ne. Mai kumburi ko zazzaɓi ba ya jiran kaka.

Idan allurar kashe wuri kaɗai za a yi maka, ka ci abincinka kafin ka tafi. Mutane da yawa suna zuwa da yunwa, sai jiri ya kwashe su a kan kujera. Idan kuwa aikin babba ne har za a sa ka barci, to akasin haka ne: yawanci za a hana ka abinci na awa 6 kafin aikin, ruwa kuma na awa 2, domin kada amai ya shiga huhu kana barci. Kada ka ce ɗan kokon nan ba kome, shi ma abinci ne. Kuma ka tafi da ɗan rakiya, domin ba za ka tuƙa babur ko mota a ranar ba.

A kan kujera

Bayan wurin ya mutu, likita zai ɗan tsaga dasashi ya ɗaga shi. Wani lokaci zai goge ɗan ƙashin da ya rufe haƙorin, ko ya raba haƙorin gida biyu ko uku ya fito da shi gutsure-gutsure. In ka ga an fito da shi a farfashe kada ka zaci kuskure aka yi, da gangan ne, don kada a wahalar da ƙashin. Sai a wanke ramin, a yi ɗinki biyu ko uku, a sa maka auduga ka cije. Haƙori mai sauƙi minti kaɗan ne, mai wuya irin naka yakan ci rabin awa zuwa awa guda.

Akwai abu biyu da likita zai gaya maka kafin ka sa hannu a takarda, gara ka ji su tun yanzu. Na ɗaya, turmin ƙarshe na ƙasa yana kusa da jijiyar da ke kai ji ga leɓe da haɓa da harshe. Wasu mutane ƙalilan sukan ji wurin ya ci gaba da nauyi bayan allura ta sake. Yawanci yakan warware cikin makonni ko watanni, ba safai yake zama dindindin ba. Na biyu, turamen sama suna kusa da wani kogo da ke cikin ƙashin kunci, wanda ya haɗu da hanci. Idan saiwar ta kai kusa da shi, za a hana ka fyace majina da ƙarfi na kamar mako biyu.

Bayan aiki: nan ne naka aikin ya fara

Malam, ka saurari wannan da kyau, domin yawancin wahalar da mutane ke sha bayan cire haƙori daga gida take farawa. Da aka cire haƙori, jini yakan taru a ramin ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin ramin, a ƙarƙashinsa sabon nama zai tsiro. Kamar iri ne da ka binne a gona, in kaza ta tone shi ba tsiro. Duk dokokin da za mu faɗa yanzu, manufarsu guda ce: kada gudan jinin nan ya fita.

Ka cije audugar da aka sa maka na rabin awa zuwa awa guda, ba tare da surutu ko taunawa ba. Cikin awa 24 na farko kada ka kurkure baki, kada ka riƙa tofar da yawu da ƙarfi. In yawu ya taru, haɗiye shi, ko ka sunkuya ya zuba da kansa. Kada ka sa harshe ko yatsa ko tsinke ka ji yadda ramin yake. Kada ka tsotsi ruwan leda, juye shi a kofi ka sha. Masu tambayar alwala, kurkure baki sunna ne ba farilla ba a mazhabar Malikiyya, don haka barinsa na yini guda saboda lalura ba ya ɓata alwala. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa.

Allurar takan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ta sake. Kafin nan kada ka ci abinci, kada ka sha shayi mai zafi, domin za ka iya cije leɓenka ko ka ƙone ba ka sani ba. Ka sha maganin zafi tun kafin ta gama sakewa. Ga babban mutum, farasitamol ƙwaya 2 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Ibufurofen yana taimakawa ƙwarai wajen zafi da kumburi, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada su sha sai likita ya ce. Asfirin yana tsinka jini, kada ka saye shi don wannan ciwo. Idan an rubuta maka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka shanye shi duka ko da ka ji sauƙi. Idan ba a rubuta ba, ba mantuwa aka yi ba, ba kowane cire haƙori ke bukatarsa ba.

Abinci na kwana biyu ko uku na farko ya zama mai laushi kuma mai ɗumi-ɗumi: koko, kunun gyaɗa, fura da nono da aka dama sosai, fate, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Ka tauna da ɗaya ɓangaren. Rake da kilishi da ƙanzo da aya da soyayyar gyaɗa su dakata. Ku mutanen Jigawa masu riɗi, kantu ma ya dakata, domin ƙwayar riɗi ba ta da wurin ɓuya da ya fi ramin haƙori. Goro ka haƙura da shi na mako guda. Sigari da taba gari kuwa su ne manyan abokan gaban ramin. In ba za ka iya mako ba, to aƙalla kwana 3 kada ka kusance su.

Daga rana ta biyu sai ka fara wanke wurin da ruwan gishiri. Rabin cokalin shayi na gishiri a kofi guda na tafasasshen ruwa da ya huce ya yi ɗumi. Ka guntsa, ka karkata kai ruwan ya kwanta a wurin, sa'an nan ka bar shi ya zuba a hankali. Ka yi haka bayan kowane cin abinci da kafin barci, har mako guda. Sauran haƙora ka ci gaba da goge su da aswaki ko buroshi, ka dai kauce wa ramin.

Kumburi zai zo, kuma ya fi yawa a rana ta biyu da ta uku, baki ma ya ƙi buɗuwa sosai. Wannan ba alamar ɓaci ba ce. A ranar farko ka ɗora tsumma mai sanyi ko ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle a kan kunci, minti 15 a ɗora, a huta, a sake. Kada a gasa maka kunci da ruwan zafi a ranar, yana tayar da jini. In za ka kwanta ka ɗaga kai da matashi biyu.

Gona kuwa, Malam, ka ba ta hutun kwana biyu zuwa uku. Sunkuyo da fartanya cikin rana da ɗaga buhu suna sa jini ya ɓalle. Bayan haka ka fara da ƙaramin aiki. Zare in mai narkewa ne zai faɗi da kansa, in ba haka ba za a cire shi bayan kamar kwana 7. Nama yakan rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu, ƙashin ciki kuwa sai ya yi watanni yana cika.

Yaushe za ka koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba? Yawu mai ja-ja a ranar farko ba kome ba ne. Amma in jini sosai yake zuba, ka naɗe auduga ko hankici mai tsabta, ka ɗan jiƙa shi, ka ɗora a kan ramin ka cije minti 30 kana zaune. In bai tsaya ba, tashi ka tafi. Haka nan in zafi ya lafa, sai a rana ta uku zuwa ta biyar ya dawo da ƙarfi har cikin kunne, baki yana wari, to gudan jinin nan ne ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Ba a cusa masa gishiri ko kanwa ko wani gari, likita zai wanke ya sa magani ka samu sauƙi. Sai na gaggawa: zazzaɓi, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan rana ta uku, ko wanda ya gangara wuya ko ya haura ido, ko wahalar haɗiya ko numfashi. Wannan ko tsakar dare ne a nemo mota.

Kalma ɗaya a kan masu cire haƙori a kasuwa, da masu cewa suna fitar da tsutsa. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin ragowar zaƙi a baki, suna fitar da tsami mai cinye haƙori. Mai ja da filaya yakan karya haƙori ya bar saiwa a ciki ta ruɓe, kuma ƙarfen da ya shiga bakin wani bai dahu ba yana ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Ruwan batir da fetur da ƙwayar asfirin da wasu ke dannawa a kan dasashi, ƙona nama kawai suke yi. Araha ba ta ado.

Tambaya ta biyu: daga Kazaure

Wata Hajiya mai sayar da kayan koli a Kazaure ta ce tana da hawan jini da suga, an ce mata in aka cire mata haƙori jini ba zai tsaya ba. Ta ƙara da cewa 'yarta mai juna biyu ma haƙori ya hana ta barci.

Hajiya, barka da kasuwa. Ana cire wa masu hawan jini da suga haƙori kullum, sharaɗin dai ciwon ya zama a kwance. Za a auna ki kafin a fara. In jinin ya hau da yawa sai a ɗaga aikin har ya sauka. Ki sha maganin hawan jininki da safen ranar kamar kullum. Saboda sugan, ki nemi a yi miki da safe, ki karya kumallo, ki sha maganinki. Ki sani mai suga rauninsa yakan yi jinkirin warkewa, don haka ruwan gishirin nan da komawa a duba sun fi zama dole a kanki. In kina shan maganin tsinka jini da likita ya ɗora ki a kai, kada ki daina da kanki, ki dai gaya wa likitan haƙori, ya san dabarar da zai yi.

Ita kuma 'yarki, allurar kashe wuri ba ta cutar da ciki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wata na huɗu zuwa na shida. Amma in akwai kumburi ko mugunya, kowane wata ne a je, domin ciwon ya fi aikin haɗari gare ta da abin da ke cikinta. Ta faɗa musu tana da ciki tun a bakin ƙofa, saboda hoto da zaɓin magani.

Tambaya ta uku: daga Roni

Wani dattijo daga Roni ya ce ɗansa ya faɗi a babur, haƙoransa ba sa haɗuwa, an ce muƙamuƙi ya karye za a ɗaure bakin da waya. Yana tambaya ko ya kai shi wurin mai ɗori.

Baba, Allah ya kiyaye gaba. Muƙamuƙi ba kamar hannu ba ne da za a ɗaura wa kara. Ma'aunin ɗorinsa shi ne haƙoran sama da na ƙasa su koma su haɗu daidai yadda suke a da. In ya ɗoru a karkace, yaron zai rayu bai iya tauna da kyau, kuma gyaran sai an sake karya ƙashin. Hanya biyu ce a asibiti. Ko a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da siririyar waya na mako 4 zuwa 6, ko a sa shi barci a haɗa ƙashin da ƙananan ƙarafa da kusoshi. In waya ce, duk tsawon lokacin abin sha zai rayu a kai, ta tsakanin haƙora da bayan turame: kunu, madara, fura mai ruwa, romo, da wake ko ƙwai da aka dama aka tace, sau biyar ko shida a rana. Zai rame kaɗan, zai mayar. Ku tambayi likita abin da za ku yi idan amai ya taso, ku kuma kula da wanke bakin bayan kowane sha. Kada a jinkirta, domin ƙashi ba ya jira. Ga sauran matasa masu babur, hular kwano ta fi waya sauƙi. Kuma in haƙorin babba ya fita ɗungurungum a haɗari, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a jefa shi cikin madara, a kai ga likita cikin awa guda, ana iya mayar da shi.

Tambaya ta huɗu: daga Gwiwa

Wata uwa daga Gwiwa ta ce 'yarta mai shekara 3 ta tashi daga ƙyanda, sai dasashinta ya fara jini da wari, yanzu kunci ya kumbura.

'Yar'uwa, ki ajiye kome ki kai ta asibiti yau. Alamun da kika faɗa suna kama da farkon cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, suna ne na Turawa. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da rashin abinci mai gina jiki ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Daga dasashi take farawa, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe. A wannan mataki da 'yarki take, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau da wanke baki suna tsayar da ita. In aka bari, yawancin yaran ba sa rayuwa. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarta daga wani. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman haka. Waɗanda suka tsira da tabo a fuska, akwai asibiti na musamman dominsu a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF take taimaka masa ana gyaran fuska kyauta. Haka jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, ana ɗinke shi tun yana wata 3 zuwa 6, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin aikin a asibitoci da dama a ƙasar nan. Kada a ɓoye yaro a ɗaki don kunya.

Kafin mu rufe, ga tunatarwa ga kowa. Kumburin muƙamuƙi da ke girma a hankali ba tare da zafi ba, ko gyambon baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, a kai a duba. Mai yiwuwa a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, kada wannan ya tsorata ku. Ƙarin da aka tara da wuri ƙaramin aiki ne, wanda aka bari shekaru kuwa sai an cire wani sashe na ƙashin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta wasiƙa ko ta waya, waɗanda ba mu kai gare su ba su yi haƙuri sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Marasa lafiya na gida da na asibiti, Allah ya ba su sauƙi. Ku huta lafiya.